Na shiga saba ta SSH amma sudo ya hana ni ikon root, ku taimaka

Lawali: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun da hantsi nake fama da wata matsala, kaina ya ɗaure. Akwai wata makaranta mai zaman kanta a Tasawa da nake kula mata da kwamfutoci, ni kuma ina nan Maradi, unguwar Zariya. Suna da saba guda, wato kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, mai tsarin Linux na Debian 12, a kanta manhajar shigar da makin ɗalibai take. Jiya da dare aka ɗauke wuta, da ta dawo saba ta tashi amma manhajar ba ta tashi ba. Ina shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, da makullina lafiya lau. Da na rubuta sudo systemctl restart don in tayar da manhajar (sudo shi ne umarnin da ke ara wa mutum ikon root, asusun mai cikakken iko), sai ya tambayi kalmar sirrina, na ba shi, ya karɓa, sannan ya ce: lawali is not in the sudoers file, wato ba na cikin jerin waɗanda aka yarda wa. Wanda ya girka sabar ya koma Yamai, wayarsa a kashe tun safe. Ranar Litinin za a raba wa iyaye takardun sakamako, darakta ya kira ni sau huɗu.

Sanusi: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi ne, saka kanka cikin rukunin wheel, shi ke nan.

Malam Isuhu: Sanusi, wheel na gidan Red Hat ne, su Fedora da Rocky da tsohon CentOS. A Debian da Ubuntu sunan rukunin sudo. Kuma ko wane suna ne, mutum ba ya iya saka kansa ciki sai da ikon root, wanda shi ne abin da ake nema. Lawali ƙanena, kwantar da hankalinka. Saƙon da ka samu ya faɗa mana abu biyu: kalmar sirrinka daidai take, don da kuskure ce da Sorry, try again za ka gani, kuma sudo kansa lafiyarsa lau, kai ne bai sani ba. Rubuta mana id, sannan getent group sudo, ka kawo abin da suka nuna.

Lawali: To Malam. Na farko ya nuna rukunina kawai da users. Na biyu kuma ga shi: sudo:x:27:

Malam Isuhu: Madalla. Ka ga bayan 27 babu sunan kowa. Haka Debian take yi lokacin girkawa: idan ka bar gurbin kalmar sirrin root fanko, sai ta kulle root ta saka mutum na farko cikin rukunin sudo. Idan kuwa ka ba root kalmar sirri, ba ta saka kowa. Tunda rukunin babu kowa, alama ce mai ƙarfi cewa root na da kalmar sirri. Abokinka bai bar maka ita ba?

Lawali: Ya bari, a takarda ya rubuta da hannunsa, tana cikin jakata. Ita na fara gwadawa. Na rubuta umarnin su, na komawa root, ya ce Authentication failure. Na gwada shiga kai tsaye da ssh root, ya ce Permission denied. Shi ya sa na ɗauka ko ya canza ta ne bai gaya mini ba.

Malam Isuhu: Cire na biyun daga lissafi. Tun OpenSSH 7.0 da ya fito a 2015, ba a barin root ya shiga daga nesa da kalmar sirri sai an canza saitin da gangan, makulli kawai ake karɓa. Ko kalmar daidai take, Permission denied za ka gani. Na su ɗin ne abin dubawa. Ka tabbata kalmar root ka ba shi? Da yawa suna rikicewa a nan: sudo taka yake tambaya, su kuma ta root.

Lawali: Ta root na ba shi Malam, harafi bayan harafi, ina kallon takardar. Sau bakwai.

Abdul-Aziz: Yayyena, ni ɗalibi ne amma na karanta akwai wata kafa a cikin sudo da ake kira Baron Samedit, wadda kowane mai asusu zai iya zama root da ita ko ba ya cikin sudoers. Ba za a gwada ba tunda ana cikin gaggawa?

Malam Isuhu: Karatunka daidai ne Abdul-Aziz. Kamfanin Qualys ne ya bayyana ta a watan Janairun 2021, aka toshe ta a sudo 1.9.5p2. Debian 12 da 1.9.13 ta zo, saboda haka ƙofar nan a rufe take. Amma ko a buɗe take ba zan ba shi wannan shawara ba. Sauko da shirin kutse daga intanet ka kunna shi a kan na'urar da makin ƴaƴan mutane ke ciki, ba ka san abin da aka cusa a cikinsa ba, garin neman gira a rasa ido.

Haruna: Ni ina ganin babu makawa sai tafiya. Ka je gaban sabar, ka sake kunna ta, a allon GRUB da ke fitowa kafin tsarin ya tashi ka danna e, ka ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layin da ya fara da linux. Idan ta tashi ka yi mount -o remount,rw / sannan passwd. Minti goma ne aikin. Idan ka fita tasha yanzu ka isa Tasawa kafin magariba.

Lawali: Abin da nake gudu ke nan yaya Haruna. Sama da kilomita 100, ga kuɗin mota zuwa da dawowa daga aljihuna, ga aikin da na karɓa a Kasuwa gobe da safe. Amma idan babu wata hanya zan sa takalmi.

Nana Hadiza: Dakata Lawali, kar ka fita tukuna. Tambaya biyu gare ni. Kibod ɗin da ke jone da sabar can makaranta, na Faransanci ne ko na Ingilishi? Kuma asusunka, a gaban sabar aka buɗe shi ranar girkawa, ko daga baya?

Lawali: Asusuna daga baya ne, ya buɗe mini daga kwamfutarsa muna zaune a shagona, ni na buga kalmar da kaina. Kibod kuma bari in kira sakataren makarantar ya ɗauko mini hoto.

Lawali: Ya turo. Layin sama AZERTY ne, irin namu na nan.

Nana Hadiza: To yanzu rubuta cat /etc/default/keyboard. Wannan ba ya buƙatar root, kowa na iya karantawa.

Lawali: XKBLAYOUT="us"

Nana Hadiza: Alhamdu lillahi, ina kyautata zaton mun kama ɓarawon. Ga abin da nake jin ya faru. Abokinka ya girka Debian da Ingilishi, ya wuce tambayar kibod bai canza ba, sai tsarin ya ɗauka kibod ɗin Amurka ne alhali na Faransa ne a gabansa. Shi yana kallon abin da aka rubuta a kan madannai, na'ura kuma wurin madannin take ji, ba rubutun da ke kansa ba. Inda muke da A, su Q ne. Inda muke da Z, su W ne. Inda muke da M, su alamar ; ce. Misali in ya buga amana, abin da na'ura ta adana shi ne q;qnq. In ya buga zuma, ta adana wu;q. Da yake kalmar sirri ba ta fitowa a allo, kuma sau biyun da aka ce ya maimaita duk iri ɗaya ya buga, babu abin da zai nuna masa. Duk lokacin da ya zauna gaban sabar kalmar za ta yi masa aiki, don kuskuren na maimaita kansa. Amma kai da ke shigowa ta SSH, kwamfutarka ce ke fassara madannai, sai ta aika a na gaskiya inda sabar ke jiran q. Taka kalmar ta tsira ne don ta SSH aka buɗe asusunka.

Malam Isuhu: Allah ya yi miki albarka Nana. Shekara nawa ina wannan aiki, hankalina bai je nan ba yau.

Nana Hadiza: Amin Malam. Ya taɓa cin mini yini guda ne, shi ya sa. Kayanmu a Maradi gauraye suke, wasu kwamfutocin ta Kwatano suke shigowa da kibod na Faransa, wasu ta Ɗan Isa daga Katsina da Kano da na Ingilishi. A ofis ɗaya sai ka tarar da iri biyu a kan teburi ɗaya.

Lawali: Na musanya haruffan kamar yadda kika ce, har yanzu Authentication failure. Gabana ya fara faɗuwa.

Nana Hadiza: Kar ka rubuto mana kalmar a nan, ko rabinta. Amsa mini kawai: akwai lambobi a ciki?

Lawali: Akwai guda huɗu a ƙarshe.

Nana Hadiza: To nan ne saura. A kibod ɗinmu sai ka riƙe Shift kafin lamba ta fito a layin sama. A tsarin Amurka kuwa Shift da waɗannan madannai alamomi suke bayarwa: 1 ya zama !, 2 ya zama @, 3 ya zama #, 4 ya zama $, har zuwa 0 da ke zama ). Idan da madannan lambobi na gefen dama ya buga, to lambobin suna nan yadda suke, amma ka riga ka gwada wannan bai yi ba.

Haruna: Akwai hanyar da ta fi lissafin nan sauƙi. Kwamfutarka AZERTY ce ko? Mayar da tsarinta zuwa na Amurka na ɗan lokaci, in Linux ce setxkbmap us, in Windows ce ƙara Ingilishin Amurka a saitin harshe. Sannan ka buga kalmar kana kallon rubutun madannai kamar ba ka canza komai ba, har da Shift ɗin lambobi. Hannunka zai yi daidai abin da hannunsa ya yi ranar.

Lawali: Allahu akbar! Ya shiga! Alamar $ ta koma #. Wallahi hannuna rawa yake. Nana, yaya Haruna, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa.

Lawali: Amma ga wata kuma. Na rubuta usermod ya ce command not found. Ni root ne fa.

Malam Isuhu: Umarnin su kaɗai ka rubuta, babu ɗan layin nan a gabansa. Tun Debian 10 ta 2019, su shi kaɗai yana ba ka ikon root amma ya bar ka da PATH ɗinka na talaka, wato jerin wuraren da ake neman umarni, wanda babu /usr/sbin a ciki, can kuma usermod yake zaune. Fita da exit ka sake shiga da su - wato su, tazara, ɗan layi. Sannan ka kula sosai da wannan: usermod -aG sudo lawali. Kar ka manta a ɗin nan. Idan ka rubuta -G ita kaɗai, za ta cire ka daga duk sauran rukunonin da kake ciki ta bar ka da wanda ka ambata. Ko ka yi adduser lawali sudo, shi ba ya da wannan haɗari. Kuma tagar nan da kake root a cikinta, kar ka rufe ta sai mun gama komai. Buɗe wata daban don gwaji.

Lawali: Na yi. Kafin nan ma na tayar da manhajar. Ashe ba a taɓa yi mata enable ba, wato saita ta ta riƙa tashi tare da sabar, da hannu ya kunna ta ranar girkawa, shi ya sa ba ta tashi da kanta ba. Na yi systemctl enable --now, sakatare ya ce shafin ya buɗe. Bari in yi sallar la'asar in dawo.

Lawali: Na dawo. Na buɗe sabuwar taga na shiga ta SSH, sudo har yanzu yana cewa ba na cikin sudoers. Amma getent yana nuna sunana bayan 27.

Abdul-Aziz: Ko sai an sake kunna sabar ne?

Malam Isuhu: A'a, ba a taɓa ta. Lawali, gwada id shi kaɗai, sannan id lawali. Na farko yana nuna rukunonin da wannan zaman ya shigo da su, na biyu abin da ke rubuce a fayil yanzu. In sun bambanta, zamanka tsoho ne. Kana amfani da tmux ko screen, shirye-shiryen nan da ke riƙe zama a raye ko layi ya yanke?

Lawali: Sun bambanta. E, tmux nake shiga da zarar na haɗu, saboda yadda layi ke yankewa.

Malam Isuhu: Shi ne. Rukuni lokacin shiga ake ɗaura wa mutum shi, kuma duk abin da ya haifa yana gadon wannan. Tmux ɗinka tun safe yake raye, duk tagar da ka buɗe a cikinsa rukunin safe take ɗauke da shi. Gwada sudo a wajen tmux. In ya yi, sai ka kashe tsohon da tmux kill-server, amma ka tabbata tagar root ɗin nan ba a cikinsa take ba. Masu saka ControlMaster a saitin SSH su ma suna gamuwa da irin wannan, don sabuwar tagarsu kan tsohon haɗi take hawa.

Lawali: A waje ya yi! sudo -l ya nuna (ALL : ALL) ALL.

Sanusi: To barka. Ni dai shawarata, don kar a sake wannan wahala: PermitRootLogin yes don root ya riƙa shiga ta SSH da kalmar sirri, ka kuma saka wa kanka NOPASSWD a sudoers don sudo ya daina tambayar kalmar sirri. Sabar makaranta ce a Tasawa, ba banki ba. Wa ya damu da ita? Yini guda ya tafi a banza saboda tsaron da ba a buƙata.

Nana Hadiza: Ban yarda ba yaya Sanusi. Masu neman shiga ba mutane ba ne da ke zaɓen gari, shirye-shirye ne da ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wadda SSH ke amfani da ita, kuma sunan da suke fara gwadawa root ne, don shi ne sunan da suka tabbata akwai. Duk mai saba da ke fuskantar intanet ya duba journalctl -u ssh ya gani da idonsa.

Sanusi: Tasa ai ba ta fuskantar intanet kai tsaye, ko Lawali?

Lawali: Ta WireGuard nake shiga, wato keɓaɓɓiyar hanya ta VPN, ƙofar ba a buɗe take ga duniya ba.

Sanusi: To kun ji.

Nana Hadiza: Wannan ya rage haɗarin waje, na yarda. Na cikin gida fa? Ɗakin kwamfuta na ɗalibai a kan layi ɗaya yake da sabar da makinsu ke ciki. Kuma da sudo, kowane umarni ana rubuta sunan wanda ya ba da shi da lokacin. Ranar da uba ya zo yana cewa an taɓa makin ɗansa, wannan rajistar ce za ta wanke Lawali. Idan kowa root yake shiga, ba a san hannun wa ba.

Sanusi: Maganar rajista gaskiya ce, na karɓa. Amma NOPASSWD ina nan a kan bakana. Ni umarni nake aikawa daga waya, ssh saba sudo kaza, sai ya ce a terminal is required to read the password. Dole na cire tambayar.

Haruna: Ba dole ba ne. Idan ka haɗa umarni a layi ɗaya da ssh, ba ya buɗe maka tasha, sudo kuma ya rasa inda zai tambaye ka. Ƙara -t, wato ssh -t saba sudo kaza, zai tambaya ka amsa. In kuma shiri ne mai gudana da dare babu mutum a kusa, ba shi NOPASSWD a kan umarni guda ɗaya tak da cikakkiyar hanyarsa, ba ALL ba.

Malam Isuhu: Tunda an zo kan taɓa sudoers bari in ba ku labarina, don har yau ina jin zafinsa. Shekarun baya ina kula da sabar wata ƙungiyar manoma a Dakoro, Ubuntu ce, root a kulle. Wani dare na buɗe /etc/sudoers da nano don in ƙara layi ɗaya, na bar kuskure a ciki, na adana, na rufe. Umarni na gaba sudo ya ce parse error, sannan no valid sudoers sources found, quitting. Ni da ke da iko minti ɗaya da ya wuce na zama baƙo, gyaran gangar Auzinawa. Lokacin damina ne, washegari na hau mota, na yini a hanya, don in gyara harafi ɗaya. Sababbin sigogin sudo sun fi haƙuri, suna tsallake layin da ya lalace, amma in layin da ya ba ka iko ne ya lalace duk ɗaya ne. Tun ranar ban sake taɓa fayil ɗin ba sai da visudo, don yana duba rubutun kafin ya adana. Abin da ya fi, bar babban fayil ɗin yadda yake, ka yi naka da visudo -f /etc/sudoers.d/makaranta. Kula da sunan: in akwai ɗigo a ciki, kamar makaranta.conf, sudo zai wuce shi shiru ba tare da ya ce maka komai ba.

Abdul-Aziz: Malam, ni wanda na taɓa gani a kwamfutata shi ne sudo must be owned by uid 0 and have the setuid bit set. Shi ma sudoers ne?

Malam Isuhu: A'a ɗana, wannan shirin sudo ɗin kansa aka raba da ikonsa. Galibi wani ya yi chown -R ko chmod -R a kan /usr. Gyaran /usr/bin/sudo shi ne a mayar da shi mallakar root da izini 4755, amma in duk /usr aka bi, umarnin su da na passwd ma sun tafi, sake girkawa ya fi sauri.

Abdul-Aziz: Chmod ɗin na yi kuwa. Na gode Malam.

Lawali: Jama'a ban san da bakin da zan gode muku ba. Darakta ya ce sun fara buga takardun. Yanzu zan canza kalmar root da passwd in huta da wannan q;q ɗin, in rubuta sabuwa a ambulan in ba darakta ya ajiye.

Nana Hadiza: Tsaya! In ka canza ta yanzu daga nan, matsalar juyawa kawai za ta yi. Za ta yi aiki ta SSH, amma ranar da layi ya mutu ka zauna gaban sabar, kibod ɗin can har yanzu na Amurka tsarin ke ɗaukarsa, sai ta ƙi ka a lokacin da ka fi buƙatarta. Fara da sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration ka zaɓi French, sannan sudo setupcon, in bai kama ba sai an sake kunna sabar. Bayan nan ka canza kalmar.

Haruna: Kuma kar ka sake kunna ta yau suna tsakiyar bugawa.

Lawali: Na ji. Na zaɓi French, fayil ɗin yanzu fr yake nunawa, amma ban taɓa passwd ba. Gobe Asabar bayan sun gama zan sake kunna ta daga nan, mu ga ko manhajar za ta tashi da kanta. Na ce wa sakatare ya tsaya a gaban allon, a wurin da ake rubuta sunan mai shiga ya buga amana ya ɗauko mini hoto. In amana ta fito sai in canza.